Kujerar Amare Mai Juyawa

A unguwarsu babu mai tuna sunansa na yanka. Kowa Na'iya yake ce masa, har Umma da ta haife shi, don ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ba, daga gyaran agogo har zuwa tiyatar ido, bai ce "ai na iya" ba. Sana'arsa ta gaskiya sayar da cajar waya ce a wani ɗan shago da in ya miƙe ƙafa sai ta leƙo titi. Amma da yake ciniki ba ya hana shi kallon bidiyo, duk abin da ya ga wani ya ƙera a waya, to shi a wurinsa ya gama koyo, kayan aiki kawai suka rage. Shi ne ya gyara wa maƙwabcinsa famfo, aka wuni ana kwasar ruwa daga falo. Da aka yi masa magana cewa ya yi ruwan ne ya zo da ƙarfi.

To, sai ga bikin Auta ya taso, ƙanwarsa, ita kaɗai ta rage a gaban Umma. Angon mutumin kirki ne, ma'aikacin banki, mai sanyin magana. Matsalarsa ɗaya, yana da gwaggo. Ranar da Gwaggo ta zo ganin gida, sai da ta goge kujerar falon Umma da hankici kafin ta ɗosana, ta bi bango da kallo, ta bi labule, sannan ta ce, "To, Allah dai ya sa ranar biki a samu inda ɗanmu zai zauna, kar a ɗora mana shi a benci."

Auta ta shige ɗaki ta sha kukanta. Daga ranar ba ta da wani buri a duniya sai bikin nan ya zo ya wuce dangin miji ba su samu abin yi musu dariya ba. Ta je wurin mai adon ɗakin taro ta zaɓi wata farar kujera, ba ƙyale-ƙyale, ba abin kushewa. Na'iya na jin labari ya buga wa mai adon waya ya ce a fasa.

"Yaya, me ka yi?" in ji Auta, hannu a ka.

"Na cece ki ne. Kujerar haya? Wadda amare dubu suka zauna suka tashi? Ina raye? Ni zan ƙera miki da hannuna. Kuma ba irin wadda ake zama kamar an dasa mutum ba. Mai juyawa! Ta kai ku dama ku gaisa da mutane, ta kai ku hagu ku gaisa da mutane, ba wanda zai ce amarya ta ba shi ƙeya."

"Don girman Allah ka bar ni da farar nan."

"Ke yarinya ce. Gwaggon nan sai ta cije yatsa."

Umma ta ce, "Na'iya, ka tuna famfon mutane."

"Umma, famfo daban, kujera daban. Kujera ba ta da ruwa."

Katako bai ba shi wahala ba, ƙusa ma haka. Abin da zai juya kujerar ne ya hana shi sakat, har ranar da ya shiga bayan kicin ɗinsa ya yi ido biyu da injin wankin matarsa. Injin nan yayanta ne ya ba ta, tana ji da shi kamar ɗan fari. Ita kuwa a makon ta tare gidan Umma tana taya aikin biki. Abin nema ya samu. Kafin la'asar ya farke cikin injin, ya zaro motar lantarkin da ke juya shi da allon maɓallansa da duk wayoyin, ya mayar da gangar jikin inda take, har da lulluɓe ta da ƙyalle yadda ya tarar.

A nan ne ya kamata a faɗi wani abu da duk mai wanki ya sani. Injin wanki yakan fara ne a hankali, ya juya dama, ya tsaya, ya juya hagu, kamar mai rarrashin jariri. Sai ya gama wannan sannan ya koma matsar kaya, a nan ne yake cin gudu har gida ya ɗauka. Na'iya bai san da zancen ba. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa wanke ko safa ba, in an kunna injin ma shi yana shago yana ba mutane shawara.

Ana saura mako guda biki, abokansa biyu suka zo ɗaukarsa. Tun tuni suka shirya tafiya hutun ƙarshen mako wani masauki a bakin tafki, su yi iyo, su gasa kifi, su huta da surutun gida. Wanda ake ce wa Direba ne mai motar, ɗayan kuwa Tulu, sunansa ya isa bayani. Suka tarar da shi a ƙofar gida tsaye kusa da wani zagayayyen katako mai faɗin tabarma, da wata halitta mai fukafukai a kai.

Direba ya zagaya abin ya ce, "Wannan ungulu ce ko kaza?"

"Ɗawisu ne, jahili. Ku kama mu ɗora a saman mota, can zan ƙarasa."

"Hutu fa muka ce za mu."

"To ku huta mana. Ni hannuna ba ya hutu."

Suka ɗaure da igiya suka kama hanya. Iska ta shiga ƙarƙashin fukafukan, motar ta riƙa rangaji, masu babur suna kaucewa suna zagi. A ƙofar masaukin akwai ƙarfen da aka gitta a sama, Direba ya ce ba za ta wuce ba, Na'iya ya leƙa ta taga ya ce idonsa ma'auni ne, a taka kawai. Aka taka. Kan ɗawisu ya faɗo a gaban maigadi.

"Dama ina da niyyar rage masa tsawo," in ji Na'iya.

Sauran baƙi sun zo jin kukan tsuntsaye ne, sai suka samu guduma. Tun da hantsi yake bugu a barandar ɗakinsu, kwas, kwas, kwas, yana yi yana wa kansa kirari. Tulu ya fito daga ruwa ya nemi wurin zama, ya zauna a kan wani katako, ashe an shafe shi da gam. Da ƙyar aka raba su, katakon ya tafi da rabin gajeren wandonsa. Direba ya kwanta barcin rana ya nemi matashin kai ya rasa, ya fito ya tarar an farke shi ana cusa gashin tsuntsun da ke cikinsa a mazaunin amarya. Kafin azahar matasan kai na ɗakin gaba ɗaya sun shige cikin kujera, labulen taga kuma ya zama rigarta.

Yana cikin ɗinki wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, ta koma gida wanke kayan yara.

"Baban yara, ina cikin injina?"

"Wane ciki?"

"Na ɗaga murfi na hango siminti!"

"Aro na yi. Injinki zai shiga tarihi, ke da godiya ya kamata ki yi. Amare zai juya."

Ta ce, "Amare? Mutane za ka ɗora a kai? Ka san kuwa in ya gama wanki yana..."

"Kin ga, ke kin san kunnawa, ni na san cikinsa. Kar ki koya wa kifi iyo." Ya kashe wayar ya tura aljihu.

Da yamma ya ce a zo a gwada. Ya zaunar da Tulu a matsayin amarya, Direba ango, ya ja waya ya cusa a soket ɗin baranda, ya danna maɓalli. Abin mamaki, wallahi kujera ta motsa. Ta tafi dama a hankali, ta tsaya, ta dawo hagu. Baƙin da suka wuni suna tsine masa suka taru suna tafi, wata mata har da ɗaukar hoto. Tulu ya riƙa ɗaga wa jama'a hannu yana sunne kai irin na amare. Na'iya ya harɗe hannu a ƙirji, kansa ya yi girman da ko ƙofar masaukin ba zai wuce ba.

Daɗin bai je ko'ina ba sai ga manajan masaukin ya taho a fusace, don an kai masa ƙarar labule da matasan kai. Yana isowa ya sunkuya ya fizge wayar daga soket. Kujera ta tsaya cak tana tsakiyar rarrashinta.

"Ranka ya daɗe, fasaha ce fa kake kashewa!"

"Malam, ka kwashi tsuntsunka ku bar min wuri kafin na kira 'yan sanda. Labulen kuma ka tafi da shi, na yafe, kar dai na ƙara ganin fuskarka."

Haka hutu ya ƙare, ko kifin da suka ɗora a wuta ba su ci ba. A hanya Tulu na zaune a kan tawul yana huci. Na'iya kuwa darasi ɗaya ya ɗauko daga tafiyar, shi ne duniya cike take da mahassada masu cire wa mutum waya daga soket. Saboda haka ranar biki tun da safe ya je ɗakin taron, ya kafa kujerarsa a kan dandamali, ya cusa wayar a soket ɗin bango, ya kawo katako mai kauri ya rufe soket ɗin, ya bi shi da ƙusoshi ta kowace kusurwa. Ya ja baya ya duba aikinsa ya ce, "To, mai hassada ya zo ya cire."

Ɗaki ya cika maƙil. Dangin ango suka kama teburan gaba, Gwaggo a tsakiyarsu, ɗankwalinta ya kusa taɓo fanka, gwal a wuya, gwal a hannu, baki a taɓe tun kafin ta ga abin taɓe wa baki. Matar Na'iya ta tare shi a bakin ƙofa ta riƙe masa hannun riga.

"Ka saurare ni minti ɗaya, don darajar iyayenka."

"Bayan taro. Yanzu jama'a na jirana."

Ya karɓe lasifika daga hannun mai gabatar da taro ba tare da an ba shi ba. "Jama'a, abin da za ku gani yanzu, babu shi a kasuwa. Ba a saya ba, ba a yi haya ba. Hannun nan da kuke gani shi ya yi. Akwai masu cewa a benci za mu ɗora ɗansu. To ga bencin!" Ya fizge zanen da ya lulluɓe kujerar.

A gaskiya, daga nesa, da fitilu da fenti mai ruwan gwal, abin bai yi muni ba. Aka shigo da amare. Auta ta tsaya a gaban kujerar tana kallonta kamar an ce ta hau jaki, angon ya raɗa mata cewa ba komai, suka zauna. Na'iya ya danna maɓalli.

Kujera ta tafi dama, mutanen dama suka ɗauki tafi. Ta dawo hagu, na hagu suka miƙe tsaye. Wayoyi suka tashi sama. Auta ta saci kallon teburin surukai, ta ga bakin Gwaggo ya saki, sai ta yi murmushi, na farko tun da aka sa ranar bikin. Ta nemo yayanta da ido ta gyaɗa masa kai. Daɗi ya kashe Na'iya, har ƙwalla ta cika masa ido. Ya bi tebur tebur yana gaya wa mutane cewa wannan ma a gurguje ya yi ta, kuma yana karɓar aikin biki da na suna.

Gwaggo ba ta iya ganin ana kallon wani abu ba ita ba. Ta miƙe ta hau dandamali ta ce wa mai hoto ya matso. "Ku gyara min, ai ɗana ne." Ta cusa kanta a gefen ango, ta matse su biyun a lungu ɗaya, ta gyara zaman sarƙa, ta ce, "Ba laifi. Wane kanti kuka ce kun saya?"

Daidai nan kujera ta tsaya. Wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashinta. Sai wani gurnani ya fara tasowa a hankali.

Matar Na'iya ta ƙwalla ƙara daga bayan ɗaki, "A cire waya! Ya gama wanki, matsa zai fara!"

"A kwantar da hankali," in ji Na'iya a lasifika, "giya ta biyu ce."

Ai kuwa ta shiga giya. Zagayen farko mutane suka yi tafi, sun zaci cikin shiri ne. A na gaba hular ango ta tashi ta sauka a cikin kwanon miya. Takalmin Auta ɗaya ya wuce ta saman kan mai hoto. Daga nan ba a ƙara bambance fuska ba, sai fari da ja da ruwan gwal suna wucewa, da muryar Gwaggo tana zuwa tana tafiya: "Wayyo... ku tsai da... la'ananne... wayyo!" Ɗankwalinta ya warware ya yi sama ya naɗe a fanka.

Direba da Tulu suka ruga wurin soket suka tarar da katako.

"Uban wa ya rufe wannan?"

"Saboda mahassada ne!" in ji Na'iya.

"Ina gudumar?"

"Tana gida!"

Aka ce a nemo mai kula da wutar ɗakin, aka ce ya fita sayen katin waya ya kulle ɗakin mita. Ana wata ga wata, ɗinkin mazaunin ya farke, gashin tsuntsun matasan kai na masaukin nan ya tashi ya cika ɗaki, ya sauka a kan shinkafa, a kan lemo, a kan gemun baban ango. Da yake kuma nauyin Gwaggo ya rinjayi gefe ɗaya, sai kujerar ta fara tafiya, dum, dum, dum, tana tsalle tana nufar bakin dandamali, saitin teburin surukai. Manyan mutane masu tumbi suka watse, wani ya haye kujera, wani ya shige ƙarƙashin tebur. Fiffiken ɗawisu ya ɗebi kek ɗin biki ya raba wa sahun gaba, kowa ya samu rabonsa a fuska.

"Ku ba ni wuri, ni na san kanta!" Na'iya ya tattare riga ya daka tsalle ya rungumi bayan kujerar. Ta ɗauke shi kamar tsumma, ƙafafunsa suka miƙe a iska, lasifikar na hannunsa har lokacin, duk ɗakin na jin yana kiran Umma. Ta zagaya da shi iya son ranta sannan ta cilla shi cikin ganguna, ya faɗa da wani ƙara da makaɗan ba su taɓa fitarwa ba.

Babu wanda ya tsai da ita. Ita ta gama aikinta don kanta, ta rage gudu, ta lallaɓa ta tsaya a bakin dandamali. Ɗaki ya yi tsit. Sai allon injin ya saki 'yar waƙar nan tasa mai daɗi da yake yi in wanki ya kammala.

Wani daga dangin ango ne ya fara, ya toshe baki, abin ya fi ƙarfinsa. Sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Dariya har da masu riƙe ciki, har da masu dukan tebur, wayoyi kuwa babu wadda ta sauka. Gwaggo ta sauko da rarrafe, gashin tsuntsu a kai, ta miƙe ta nufi ƙofa, jiri ya kai ta bango. Ango ya sauko yana riƙe da Auta gam, tun zagayen farko bai sake ta ba. Ita kuwa ba ta yi kuka ba. Ta tsaya da takalmi ɗaya tana kallon dangin mijinta suna share hawayen dariya, abin da ta yi wata da watanni tana roƙon Allah kar ta gani.

Na'iya ya fito daga cikin ganguna yana ɗingishi, ya ce wa na kusa da shi, "Lodi ne ya yi yawa. Mutum biyu na auna." Umma ta wuce shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba, matarsa ta ce ya fara koyon wanki da hannu tun yau.

Da aka sa amare a motar Direba za a kai su gidansu, Auta ta sauke gilashi ta ce a kira mata yayanta. Ya zo yana murza hula a hannu. Wannan karon kam jikinsa ya yi sanyi, don duk haukansa yana son yarinyar nan.

"Yaya," ta ce, muryarta a dishe, "abu ɗaya na roƙa a bikin nan, ka hana ni. Na bar ka da Allah a kan wannan. Amma ka rantse min yanzu, a gaban mijina, har abada ko ƙusa ba za ka buga a gidana ba."

Na'iya ya dubi Direba, ya dubi taya, ya sosa ƙeya.

"Ka rantse mana."

"Daga yau, ko har da jiya?"

"Me ya faru jiya?"

"Gadonku ne. Na ga kafintan bai iya haɗawa ba, na sallame shi. Na ɗan ƙara masa wani maɓalli a wajen kai, in kuka danna..."

Auta ta ɗaga gilashinta a hankali har ya rufe. Ango, mutumin da tun safe ba a ji muryarsa ba, ya dafa kafaɗar Direba ya ce, "Malam, biya da mu kasuwa tukuna. Tabarma za mu saya."